Bashin gida da riƙon amana idan kasuwar gidaje ta yi sanyi: tambayoyi da amsoshi daga Yamai

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin masu neman bashin sayen gida ko na gini a birnin Yamai, da masu tsaya musu, har ma da ma'aikatan bankunan su kansu, musamman tun da kuɗi suka yi wuya a hannun jama'a. An amsa su bisa dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, da ƙa'idojin bankuna na ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, waɗanda Nijar ke aiki da su. Wanda maganarsa ta riga ta kai gaban alƙali, lauya yake bukata, domin wannan shafi ba zai ishe shi ba.

Me ake nufi da sanyin kasuwar gidaje, kuma me ya haɗa shi da halin ma'aikacin banki?

Kasuwa ta yi sanyi idan masu sayarwa suka fi masu saye yawa, gida ya shafe watanni a hannun dillalai ba a taya ba, gine-gine kuma suka tsaya a linta saboda masu su ba su da kuɗin rufi. Mazauna Yamai sun ga irin wannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin da ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira. Sojojin Faransa sun fice a ƙarshen 2023, na Amurka suka bi bayansu a 2024, kuma wanda ya ci bashi ya gina babban gida a unguwar Filato ko Kwara Kano da nufin ba baƙi haya ya san abin da wannan ya jawo masa.

Alaƙar abin da halin ma'aikaci kuwa ita ce, muddin farashi yana hawa, bashin da aka bayar bisa ganganci ba ya nuna kansa, domin ko mai gida ya kasa biya zai sayar ya sallami banki har ya samu ragowa. Ranar da farashi ya tsaya ko ya sauka, duk wata ƙarya da aka rubuta a cikin dosiye, wato takardun neman bashin, sai ta fito fili, kuma yawanci iyalin da ke kwana a gidan ne ke fara ɗanɗana kuɗarta kafin wanda ya rubuta ta.

Ana yawan ba da misali da Amurka. Me ya faru a can?

Farashin gidaje a Amurka ya kai ƙololuwa a 2006, daga nan ya yi ta sauka har ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na darajarsa. A shekarun da suka gabaci haka, kamfanonin ba da rance sun riƙa ba mutane bashi ba tare da neman shaidar abin da suke samu ba, wasu kuma aka yaudare su da kuɗin ruwa mai sauƙi na shekara biyu ko uku wanda daga baya yake tashi. Dillalan rance suna karɓar la'adarsu da zarar an sa hannu, kamfanin kuma yana tattara basussukan ya sayar wa masu zuba jari, saboda haka babu wanda ya damu ko za a biya. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe a ranar 15 ga Satumban 2008, miliyoyin iyalai kuma suka rasa gidajensu.

Rashin amanar bai tsaya a wajen bayar da bashin ba. A 2010 an gano cewa ma'aikatan wasu manyan bankuna suna rattaba hannu a kan dubban takardun ƙwace gidaje ba tare da sun karanta su ba, lamarin da ya kai ga bankuna biyar suka amince da sulhun dalar Amurka biliyan 25 a 2012. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta wajabta wa mai ba da bashin gida ya tabbatar cewa mai karɓa zai iya biya, abin da hankali ya kamata ya wajabta tun kafin doka.

Tsarinmu ya bambanta da nasu. A nan bashin gida kaɗan ne, galibi ma'aikata masu albashi ke samunsa, kuma bankin da ya bayar shi ke riƙe da kayansa, ko da ya nemi ƙarin kuɗi daga asusun CRRH-UEMOA mai ranta wa bankunan yankin kuɗin bashin gida, wanda aka kafa a 2010 da mazauni a Lome. Sai dai kwaɗayin la'ada da ƙarya a takarda ba su san iyakar ƙasa ba.

Ina da gida mai daraja da zan jinginar. Me ya sa banki ke ta bincikar albashina?

Domin da albashi ko ribar sana'a ake biyan bashi, ba da bango ba. Jingina mafita ce ta ƙarshe idan komai ya lalace, kuma ma'aikacin da ya ba mutum bashi yana kallon gidan kawai, alhali ya san abin da mutumin ke samu ba zai ɗauki biyan wata-wata ba, tun ranar farko ya shirya raba shi da gidansa, ko da bai faɗa wa kansa haka ba. Ma'aunin da aka saba ji a bankuna shi ne kada biyan wata ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na albashi. Ma'aikaci mai kula ba ya tsayawa a nan. Zai tambayi yawan bakin da ake ciyarwa, da kuɗin makarantar yara, da adashin da ake zubawa, da shekarun da suka rage kafin ritaya, sannan ya duba rajistar masu bashi ta yankin UEMOA ya ga ko akwai wani rance a wani wuri.

Ɗan kasuwar Katako ko Wadata da ba shi da takardar albashi, sai a duba shigar kuɗi da fitarsu a asusunsa na tsawon lokaci, har da watannin da ciniki ya yi baya. Idan kuma da kuɗin haya ake sa ran biya, wajibi ne a yi lissafin watannin da gidan zai zauna babu kowa. Mutane da yawa suna ɗaukar ƙin ba su bashi a matsayin wulaƙanci, amma sau da dama wanda ya ce "Alhaji, wannan adadin ya fi ƙarfinka, mu rage shi" ya fi wanda ya yi murmushi ya miƙa biro ƙaunar mai nema.

Wane bayani ne ya wajaba a yi mini kafin in sa hannu?

Abu na farko shi ne jimillar tsadar bashin, wadda a takardun banki ake rubuta ta da haruffan TEG. Ita ce ke haɗa kuɗin ruwa da kuɗin buɗe dosiye da inshorar da aka wajabta, kuma da ita ake auna ko mai ba da rance ya ƙetare iyakar doka. Iyakar da aka kafa a yankin a farkon 2014 ita ce kashi 15 cikin 100 ga bankuna da kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance. Tun da majalisar ministocin yankin na iya sauya ta, yana da kyau a tambayi wadda ke aiki a ranar sa hannu. Ban da wannan akwai kuɗin notar, wato jami'in da ke rubuta yarjejeniya ya tabbatar da ita bisa doka, da na rajistar jingina, da tarar jinkiri, da abin da za a caje ka idan ka so biyan bashin gaba ɗaya kafin wa'adi.

Na biyu shi ne jadawalin biya, wanda mutane kaɗan ke karantawa. Ga misali na lissafi kawai: wanda ya ranci sefa miliyan 15 a kan kashi 9 cikin 100 na shekara 15 zai riƙa biyan kimanin jika 152 kowane wata, jimilla sama da miliyan 27. Bayan shekara 3 ya zuba kusan miliyan 5 da rabi, amma uwar kuɗin ba ta ragu da abin da ya wuce miliyan 1 da jika 600 da ɗoriya ba, saboda a shekarun farko kuɗin ruwa ne ke cinye mafi yawan abin da ake biya. Wanda bai san wannan ba, ranar da ya je tambayar abin da ya rage sai ya rantse cewa an cuce shi.

Akwai kuma maganar harshe. Kwantiragin da Faransanci ake rubuta shi, alhali da yawa daga cikin masu sa hannu da Hausa ko Zabarmanci suke lissafinsu. Ma'aikacin da ya juya takarda shafi bayan shafi yana nuna wurin sa hannu da yatsa, yana cewa "nan, da nan, da nan", bai sauke nauyin da ke kansa ba. Ya kamata ya fassara sharuɗɗan masu nauyi, ya bar mutum ya tafi da kwafi gida ya nuna wa wanda ya yarda da shi, ya kwana a kan maganar.

Mai kimanta gida ya ce zai iya ɗaga darajar gidana don in samu bashi mai yawa. Ina laifi, tun da ni zan biya?

Laifin yana da girma, kuma kai ne farkon wanda zai cutu. A ce gidan da ainihin kuɗinsa miliyan 16 ne aka rubuta miliyan 20 don a samu rancen miliyan 15 ɗin nan na sama. Bayan shekara 3 ana bin ka sama da miliyan 13, kuma idan kasuwa ta sauka har gidan bai wuce miliyan 12 ba, ko an sayar da shi bashin bai ƙare ba, za a ci gaba da bin ka ragowar bayan ka rasa wurin kwana. Kimantawa ta gaskiya tana dogara ne da kuɗin da aka sayar da makamantan gidan a unguwar kwanan nan, ba kuɗin da masu gida ke nema ba, ba kuma abin da aka kashe wajen siminti da rodi ba. Bai kamata ladan mai kimantawa ya dogara da adadin da ya rubuta ba, kuma ma'aikacin banki da ya kira shi ya gaya masa adadin da ake so ya fito ya zama abokin tarayyarsa a zambar.

Dillalin da ya haɗa ni da banki yana neman kasonsa, ya kuma ce a ba ma'aikacin na goro. Haka ake yi?

La'adar dillali halal ce idan an san ta tun farko, an kuma san wanda zai biya. Abin da ba shi da kyau shi ne ya ci ta fuska biyu a ɓoye, ko ya tura ka inda kasonsa ya fi tsoka maimakon inda sharuɗɗa suka fi maka sauƙi. Na goro ga ma'aikacin da ke nazarin dosiyenka kuwa cin hanci ne, ko da wane suna aka kira shi. Duk kuɗin da banki ke karɓa bisa ƙa'ida yana da rasiɗi.

Wace takardar fili ce ake karɓa a jingina?

Dokar OHADA kan jingina, wadda aka sabunta a Lome a Disamban 2010, ta ce kadarar da aka yi wa rajista ce ake jinginarwa, kuma dole a rubuta jinginar a rajistar filaye. Wannan na nufin takardar mallaka ta dindindin, wadda ake kira titir fonsiye. Yawancin masu filaye a Yamai takardar ma'aikatar magajin gari ce a hannunsu, wasu ma ta gargajiya kawai, saboda haka sau da yawa sai an bi matakan mayar da ita ta dindindin, kuma ya kamata a gaya wa mai nema kuɗin da hakan zai ci da lokacin da zai ɗauka tun kafin ya fara kashe kuɗinsa.

Aikin ma'aikaci mai amana ya wuce karɓar takarda ya sa a durowa. Rikicin fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu sananne ne a kotunan birnin, haka ma filayen da aka yanka a wuraren da aka hana gini. Ambaliyar 2020 ta shafe gidaje a Lamorde da Kirkisoye da Saga, damunar 2024 ma ta yi ɓarna mai yawa, don haka wanda ya kimanta gidan bakin kogi kamar yana kan tudu ya yaudari banki da mai saye gaba ɗaya. Gidan gado da ba a raba ba kuma yana bukatar yardar dukkan magada. Idan babban wa ya zo shi kaɗai da takarda, kamata ya yi a tambaye shi ina ƙannensa mata da matar mahaifinsu suke, a kuma ji daga bakinsu.

Ƙanena ya roƙe ni in tsaya masa. Mene ne haƙƙina?

Tsayawa alkawari ne cewa idan ya kasa kai za ka biya. Doka ta nemi ka rubuta da hannunka iyakar adadin da ka ɗauka, da haruffa da kuma lambobi, idan kuwa ba ka iya rubutu ba, sai shaidu biyu sun tabbatar cewa an bayyana maka abin da kake ɗauka da abin da zai biyo baya. Wajibi ne banki ya sanar da kai idan ƙanenka ya daina biya, ya kuma riƙa aiko maka da bayanin inda bashin ya tsaya duk bayan wata shida. Ma'aikacin da ya ce maka "Yaya, cika takarda ne kawai" bai gaya maka gaskiya ba. Kunyar ɗan'uwa tana da wuyar kaucewa a wurinmu, shi ya sa ya fi kyau a gana da mai tsayawa shi kaɗai, ba a gaban wanda ya kawo shi ba.

Ni ma'aikacin banki ne. An ɗora mini adadin bashin da zan bayar a wata, kasuwa kuma babu. Yaya zan yi?

Wannan matsi gaskiya ne, kuma ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan ƙaramin ma'aikaci alhali daga sama aka tsara ladan aiki bisa yawan dosiye maimakon ingancinsu. Duk da haka akwai abubuwan da ba a taɓa su ko da aiki zai tafi: gyara takardar albashi, ɓoye wani bashi da ka sani, sauya kwanan wata, ko ba mutum sabon rance don ya rufe tsohon da ya gagara domin littafi ya yi kyau ranar da masu bincike za su zo. Wannan na ƙarshen ya fi yawa a lokacin sanyin kasuwa, kuma yana ƙara wa mai bashi nauyi ne kawai yana jinkirta ranar da za a gane.

Idan shugabanka ya umarce ka da abin da ka san ba daidai ba ne, ka nemi ya ba ka umarnin a rubuce, ka kuma rubuta ra'ayinka a cikin dosiyen. Ka janye hannunka daga dosiyen ɗan'uwanka ko surukinka ko abokin kasuwancinka, ka miƙa wa wani. Mutane za su ce ka yi girman kai, amma sa hannunka zai ci gaba da zama a takardar shekaru bayan shugaban ya koma wani banki.

Na fara kasa biya. In ɓuya ko in je?

Ka je tun kafin wata na biyu ya cika, da shaidar abin da ya same ka, ko jinkirin albashi ne, ko rasa ɗan haya, ko rashin lafiya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ma'aikacin da za ka tarar ya ga irinka da yawa. Abin da za a iya tattaunawa ya haɗa da tsawaita wa'adi don biyan wata ya ragu, ko ɗaga ƙafa na wasu watanni, ko a ba ka lokaci ka sayar da gidan da kanka a farashin kasuwa, wanda kusan kullum ya fi na gwanjo. Duk abin da aka amince a kai a rubuta shi, tare da bayanin ƙarin kuɗin da zai jawo. Ko magana ta kai kotu, dokar OHADA ta ba alƙali ikon jinkirta biya ko rarraba shi har zuwa shekara 1, bayan ya duba halin mai bashi da bukatar mai bin bashi.

Ta ɓangaren banki, bin haƙƙi ba laifi ba ne, domin kuɗin da ya bayar ajiyar wasu mutane ce. Amma zuwa ƙofar gida ana ɗaga murya a gaban maƙwabta, ko kiran matar mutum da surukansa don a kunyata shi, ya saɓa wa sirrin da doka ta ɗora wa ma'aikacin banki, ban da saɓa wa mutunci. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma mai aikin karɓar bashi da ya iya bambance wanda ya kasa da wanda ya ƙi ya fi dawo wa bankinsa da kuɗi.

Banki zai iya ƙwace gidan kai tsaye tun da na jinginar?

A'a. Jingina ba ta mayar da gida mallakar banki. Sai an bi ta hanyar shari'a: ma'aikacin kotu mai isar da takardu zai kawo umarnin biya wanda ke ba da kwana 20, sannan a rubuta kamun a rajistar filaye, a ajiye sharuɗɗan sayarwa a kotu inda mai gida ke da damar kawo ƙorafinsa, a yi shela, a yi gwanjo a bainar jama'a. Doka ta hana mai bin bashi neman a mallaka masa gidan da shi ne mazaunin wanda ya jinginar, kuma sharaɗin cewa kadara za ta zama ta banki idan an kasa biya ba ya aiki a kan gidan zama. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe a kan irin wannan matsayi, cewa abin jingina ba ya zama na mai bin bashi don kawai wa'adi ya wuce. Idan an sayar, aka biya bashi da kuɗin shari'a, ragowar ta mai gida ce.

Wurin da aka fi cin amana a lokacin sanyin kasuwa shi ne gwanjon kansa. Masu saye kaɗan ne, don haka abu ne mai sauƙi a yi shelar da ba wanda zai ji, a sa farashin farawa a ƙasa, wani na kusa da ma'aikaci ya saye gidan da rabin kuɗinsa. Ma'aikacin da ya san dosiye ba ya saye, ba ya tura ɗan'uwansa ya saya masa, ba ya kuma tsegunta wa dillalai cewa gidan wane ya kusa fita. Mai gida yana da damar ƙalubalantar farashin farawa, kuma ya kamata ya nemi lauya tun ranar da umarnin biya ya iso hannunsa.

Idan na bi ta bankin Musulunci, na kuɓuta daga duk wannan?

Ka kuɓuta daga kuɗin ruwa idan an yi cinikin yadda ya dace, wato banki ya sayi gidan ya mallake shi sannan ya sayar maka da ribar da aka sani ba ta ƙaruwa, ko ya ba ka haya wadda za ta ƙare da mallaka. Kimantawa ta gaskiya, da duba ƙarfin mai biya, da bayani a harshen da yake ji, duk suna nan daram. Ka tambayi jimillar abin da za ka biya, da hukuncin jinkiri, da inda tarar jinkirin ke tafiya.

Ina zan kai kuka idan na ga an zalunce ni?

Ka fara da rubuta wa bankin kansa, ka karɓi shaidar cewa takardarka ta shiga, domin an wajabta wa bankuna su tanadi hanyar sauraron koken abokan hulɗarsu. Idan ba a ba ka amsa mai gamsarwa ba, kana iya kai maganar ga hukumar da ke sa ido kan bankunan yankin, mai mazauni a Abijan, sannan ƙofar kotu a buɗe take. Ka adana kwantiragi da jadawalin biya da kowane rasiɗi.

Na gama biya. Akwai sauran wani abu?

Akwai. Jinginar ba ta goge kanta daga rajistar filaye ranar da ka yi biyan ƙarshe. Ka nemi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, da takardar sakin jingina, ka kai a soke rubutun da ke kan titir ɗinka, sannan ka karɓi asalin takardarka. Ka tabbatar an daina cirar kuɗin inshora daga asusunka, an kuma sanar da wanda ya tsaya maka a rubuce cewa nauyi ya sauka daga kansa. Idan mai bashin ya rasu kafin ya gama, magada su fara tambayar ko akwai inshorar rai a kan rancen kafin su biya ko dala ɗaya, domin idan akwai, kamfanin inshora ne ya kamata ya biya ragowar bisa sharuɗɗan da aka sa wa hannu, kuma wajibin ma'aikacin banki ne ya gaya musu haka ko da ba su tambaya ba.